Tambayoyin da Aka Kai Ɗakin Mahaifiyata

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da hakan yake nufi a gidaje irin namu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni daga Dukawuya ta kai ni Shahuci, a can na girma, daga can aka kai ni ɗakin miji. Ƙannena Umma suke ce mata, su hau cinyarta, su yi mata shagwaɓa son ransu. Ni kuwa Hajiya nake cewa, in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. In tana da magana da ni sai ta juya wajen wanda yake kusa ta ce, "A ce wa waccan ta sha kunun nan kafin ya huce." Ina zaune fa, ina ji.

Mutane suna cewa kunya ce, kara ce, abin yabo ne. To, na ji. Amma ƙawayena 'yan fari da yawa iyayensu sun sassauta da girma ya zo, har a zauna a yi hira. Tawa ko kaɗan ba ta sassauta ba. Na san ba ƙi ba ne, don duk haihuwar da na yi ita take daka yajin jego da hannunta ta aiko mini, ko da yake sai ta ce wa ɗan aiken ya ce daga ƙanwata ne. Sai dai ni mutum ce mai son a faɗa mini abu da baki. Har furfura ta fara fito mini abu ɗaya nake nema a wurin matar nan: ta zauna ta yi magana da ni, in ji yadda take ganin duniya. Da ciwon zuciya ya kama ta, ƙafafunta suka fara kumbura, sai abin ya tsaya mini a rai, don na ga lokaci yana ƙurewa.

Aikina koyar da kimiyyar siyasa a jami'a. Cikin darussan da nake ɗauka akwai wanda ɗalibai suka fi tsana, na binciken jin ra'ayin jama'a. Su sun shigo ne don a yi ta musu a kan gwamnoni da 'yan majalisa, sai ga ni da alƙaluma. Nakan sauko da sakamakon manyan binciken da ake yi a ƙasashe da yawa daga intanet, in an kawo wuta mu haska a bango, in an ɗauke in juya musu kwamfutata su yi cincirindo a kanta. Ga tambaya, ga amsoshi a jere: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba. A can ƙarshe kuma ga wani gida da aka ware wa masu cewa ban sani ba.

Wata rana muna duba amsoshin mutanen yankinmu, na ce su raba mini su maza daban mata daban. Suka raba. Sai ga gidan nan na ban sani ba ya cika da mata, musamman tsofaffi. Wani dogon yaro da yake zama a baya ya ɗaga hannu, yana murmushi tun kafin ya yi magana.

"Malama, ai wannan ba sai an yi bincike ba. Iyayenmu mata ba su san siyasa ba."

Ni dama ba a taɓa ni a kwana lafiya. Na ce, "Kai, rufe mana baki! Ranar zaɓe layin su wa ya fi tsawo a unguwarku? Su wa suke yini a rana da goyo?" Ya ce mata. Na ce, "To wa ya yi musu tambayar nan? Namiji ne ko mace? A zaure ya tsaya ko ya shiga ciki? Mai gidan yana tsaye a wurin ko ba ya nan? Ka sani?" Ya ce bai sani ba. Ajin ya kwashe da dariya, na ce shi ma a sa shi a gidan ƙarshe.

Na yi nasarar musu, amma raina bai yi daɗi ba. Ina tuƙi zuwa gida ina tuna yadda mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yake tara matan gidan ana jajibirin zaɓe ya faɗa musu alamar da za su dangwala wa. Bayan rasuwarsa ƙanena ya gaji aikin. Sau ɗaya na taɓa ƙarfin halin tambayar mahaifiyata, ta dawo daga rumfar zaɓe da tawada a yatsa. Na ce, "Hajiya, wa kika zaɓa?" Ta dubi ƙanwata ta ce, "Ji mini wata tambaya." Shi ke nan. Ni da nake yi wa yaron mutane tsawa, ban san ko tawa uwar tana da ra'ayi ba.

Sati na zagayowa na ce wa ajin bana ba za mu tsaya ga alƙaluman wasu ba, namu za mu tara da kanmu, a cikin birni. Muka zauna muka rubuta tambayoyi da Hausa, muka yi ta gyara. Wa kike zuwa wurinsa in rigima ta tashi a unguwa? Kin yarda da kansila? Wa yake yanke miki shawarar wanda za ki zaɓa? Muka bi masu unguwanni muka gaishe su, don ba a shiga unguwar mutane da takarda a hannu ba da sanin mai ita ba. Maza za su tsaya a zaure da majalisu, mata su shiga cikin gida. Don kada kowa ya zaɓi gidan da ya ga dama, muka tsayar da ƙa'ida: a fara daga ƙofar masallaci, a tsallake gidaje adadin da muka ajiye, a shiga na gaba. In an tarar da mata da yawa a gida, a ba su tsinken ashana su ja, wadda ta ja guntu ita za a tambaya, ita kaɗai, a ɗakinta.

Abin da na fi matsa musu a kai shi ne amana. A cikin birni kowa ya san kowa, magana ɗaya in ta fita sai ta raba zumuncin shekaru. Na sa suka maimaita a bayana kamar 'yan Islamiyya: ba a rubuta suna, ba a rubuta lungu, shekaru ma sai dai a ce matashiya ko dattijuwa ko tsohuwa. Ba a faɗar wa ya ce me, ko mai unguwa ne ya tambaya, ko mijin matar, ko ni da kaina. Na ce duk wanda na ji ya yi ɓaram-ɓarama da amsar wani, ya ɗauka ya faɗi darasin nan, ko uban wa ya zo roƙo.

Dukawuya tana cikin unguwannin da muka ɗauka. Da na zauna ina bin lungunan a kaina, ina ƙirga ƙofofi daga masallaci, sai na ga ƙirgen ya sauka a kan gidanmu. Na sake bi, ya sake sauka. Mata uku ne manya a gidan: mahaifiyata, da ƙanwata da ta dawo tana jinyarta, da matar ƙanena. Ban gaya wa kowa ba. Lungun ya faɗo a rabon wata ɗaliba 'yar ƙarama, baƙuwa a Kano, daga wani gari can gabas, mai surutu da saurin sabo, irin wadda in ta shiga mota kafin a sauka ta san sunan 'ya'yan kowa.

Ran nan a Ƙofar Na'isa muka yi za mu haɗu bayan azahar. Na zauna a mota ina karɓar su. Kowa ya zo ya zuba takardunsa a cikin babbar jaka, a girgiza, yadda ba mai iya cewa wannan daga ina ta fito. Suka yi ta ba ni labari, wani an ɗauke shi ma'aikacin haraji, wata an cika ta da ɗanwake har ta kasa tafiya. Kowa ya dawo ban da yarinyar nan. Aka kira la'asar, shiru. Na sallami sauran. Sai can ga ta tafe da ƙullin wani abu a leda, fuskarta wasai.

"Ina kika tsaya?"

"Wani gida ne aka riƙe ni, Malama." Ta kalle ni ta sunkuyar da kai. Ta zuba takardunta a jaka, ta girgiza da kanta. A cikin ledar na hango dakakken yaji, kuma na san hannun da ya daka shi.

Da Juma'a na je gaisuwa kamar yadda na saba. Tun a tsakar gida ƙanwata ta tare ni.

"Yaya, wace irin yarinya kika turo mana? Umma ce ta ja guntun tsinke. Wallahi korata ta yi daga ɗakin, ta ce an ce sirri ne. Ina nan ina wanke-wanke ina jin su, magana ba tsayawa, har da dariya. Rabon da in ji Umma ta yi dariya haka tun Baba yana da rai."

Na ce, "Me suke cewa?"

"Oho. An sakaya ƙofa."

Ba zan ɓoye ba, baƙin ciki ne ya kama ni. Yarinyar da ba ta haɗa komai da mu ba, ta shigo da takarda da biro, ta samu a yini guda abin da na yi shekara da shekaru ina nema. Na shiga na durƙusa na gaida Hajiya. Ta amsa tana gyara zanen da ta rufe ƙafafunta da shi, ta ce wa ƙanwata a zubo wa waccan abinci.

Ranar Litinin na kira yarinyar ofis. Na yi ta kewaye-kewaye, yaya aikin, an sha wahala, mutanen birni sun karɓe ku. Ita ma tana ta amsawa da ladabi. Daga ƙarshe na gaji na ce, "Gidan da kika daɗe, kin san gidan wa ne?"

"Na sani, Malama. Ita ta faɗa mini."

"To me ta ce miki?"

Ta murza bakin hijabinta. Sannan ta ce, "Malama, ke kika ce ko ke kika tambaya kada mu faɗa."

"Uwata ce fa."

"Na sani. Ki yi haƙuri. Na riga na ce mata ba mai ji."

Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa mata mari. Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Tana fita na kifa kaina a tebur. Da aka gama shigar da amsoshin a kwamfuta na zauna ni kaɗai na ware tsofaffin matan Dukawuya, na yi ta kallon layukan. Suna da yawa, kuma ni da hannuna na cire duk abin da zai bambanta wata da wata. Wannan ta ce ita take yanke wa kanta shawara, waccan ta ce ɗanta ne, wata ta ce ba ta yarda da kowa ba sai limami. Kowacce na duba sai in ga za ta iya zama ita. Na kashe kwamfutar.

Darasin dai ya yi kyau, wannan kam ba zan rage masa ba. Da muka haska namu sakamakon, gidan ban sani ba ya rame sosai a wajen mata. Ɗalibai suka yi ta musu a kan dalili, dogon yaron nan ya ce ai samfurinmu ƙarami ne, kuma gaskiyarsa ce, na ce ya rubuta haka. Yarinyar ta ci maki mafi yawa, da cancanta. Amma har zangon ya ƙare ban iya haɗa ido da ita ba.

Na ƙara gwadawa sau ɗaya. Wata Juma'a na tafi da takardar tambayoyin wadda ba a cike ba, na zauna a bakin ƙofar ɗakin, na yi kamar wasa nake. Na ce, "Hajiya, ni ma yau aiki ne ya kawo ni. Bari in yi miki tambayoyin nan." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ta ce wa ƙanwata, "A gaya mata an riga an yi. Yarinyar ta ce ba a yi wa mutum sau biyu." Ƙanwata ta fashe da dariya, ni ma na taya ta. Da na fito na shiga mota, sai da na daɗe kafin in iya tayar da ita.

Da damina ta sauka jikin ya rikice, muka kai ta asibiti. Na ɗauki hutu na tare a can. Ni nake matsa mata ƙafafu, ni nake juya ta, kuma ba ta hana ba, sai dai ta lumshe ido in na zo kusa. Kullum ina cewa yau za ta yi, yau za ta kira ni. Wata safiya ta ɗan samu sauƙi, ta sha koko, ta dubi ƙanwata ta ce, "A ce wa waccan ta koma aikinta, 'ya'yan mutane suna jira." Na ce ba inda zan je. Kafin azahar Allah ya karɓi abarsa. Ita ce magana ta ƙarshe da ta yi a kaina, ita ma ta hannun wani ta biyo.

Gidan ya cika a kwanakin zaman makoki. Ina zaune a tsakar gida cikin mata, ana shigowa ana cewa Allah ya ji ƙanta, ya aka ji da haƙuri, ina cewa haƙuri sai ma'aiki, bakina kawai yake motsi. Sai ga ɗalibaina mata sun shigo a jere, mazan sun tsaya a waje wurin ƙanena. Yarinyar tana cikinsu, idanunta jajir. Da suka yi addu'a za su tashi, na kama hannunta na ja ta zuwa ɗakin Hajiya. Ba kowa a ciki. An naɗe katifar, sai gadon da tabarma.

Na ce, "Yanzu fa? Ta tafi. Ba wanda zai cutu."

Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Malama, ba ki ce mana amanar tana ƙarewa in mutum ya rasu ba."

Ban da ƙarfin faɗa ran nan. Na saki hannunta na ce ta je, Allah ya yi mata albarka. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya.

"Amma tambayoyin takardar ba su ɗauke mu wani lokaci ba," ta ce. "Nan da nan muka gama. Sauran yinin ita ce ta yi ta tambayata. Wannan ba ya cikin abin da kika hana."

"Tambayarki me?"

"A kanki. Tana jin daga inda na zo ta gyara zama. Ta ce ajin naku mutum nawa ne. Na ce ya cika maƙil, har da masu tsayuwa a taga. Ta ce har da maza? Na ce har da masu gemu. Ta ce kuma duk su yi shiru in tana magana? Na ce ko tari ba mai yi. Ta tambaye ni ko kina samun abin da za ki ci a can, ko kina da kujerar zama ko a tsaye kike yini. Ta ce faɗan nan nata, tana yi muku? Na ce sosai ma. Ta ce tun tana goye haka take."

Na zauna a bakin gadon. Na ce, "Ta kira sunana?"

Ta girgiza kai. "Malamarku take cewa. Malamarku kaza, malamarku kaza. Daga baya ta ce ita ba ta taɓa ganin inda kike aiki ba, kuma ba za ta gani ba, in tashi in gwada mata yadda kike yi a gaban aji. Na ce ina jin tsoro. Ta ce ai sirri ne. Shi ne na tashi na yi. Ta yi dariya har tana share ido, ta ce in sake. Ban san sau nawa na yi ba, shi ya sa na makara."

A waje ana ta sallama, wasu sababbin masu gaisuwa sun shigo, na ji ƙanwata tana tambayar ina nake. Na matsa can ƙuryar gadon, wurin da Hajiya take jingina da bango. Na ce wa yarinyar ta sakaya ƙofa.

"Yi mini yadda kika yi mata."

"Haba Malama, a gidan rasuwa?"

"Yi dai."

Ta goge fuskarta da hijabi. Ta ja da baya zuwa tsakiyar ɗakin, ta ɗaga haɓa, ta tura tabaran da ba ta da shi zuwa saman hanci. Ta kama ƙugu da hannu ɗaya, ta yi taku zuwa taga ta dawo, ta nuna bango da yatsa ta ce, "Kai na baya, me ka gani a nan? A'a, ban tambaye ka ra'ayinka ba. Me ka gani?"

Da ta gama, na ce ta sake.